Ciwon Safe

Kabo ya tsuguna a cikin gonar dawa, ganye na gogar kunnensa, yana leƙen ƙanensa kamar mai dakon ɓarawon akuya. La'asar ta yi sanyi. Can a 'yar gayaunarsa, Muzammil ya tuɓe riga yana noman gyaɗa, fartanya na tashi tana sauka, har da guntuwar waƙa a bakinsa. Wannan fa shi ne mutumin da ɗazu da asuba matarsa Bara'atu ta fito ta durƙusa ta ce bayansa ya ƙage, ƙirjinsa ya ɗaure, ko juyi ba ya iya yi a kan tabarma.

Wata hawainiya ta biyo karan da ke gaban hancin Kabo, tana ɗaga ƙafa tana tunani kafin ta sauke. Ta aika ido ɗaya wajen Muzammil, ta bar ɗaya a kan Kabo. Ya ce a ransa, ita ma ba ta yarda da kowa ba.

Gidansu na cikin 'yan gidajen da suka rage a Kademi da har yanzu ake noman gandu. Tun rasuwar mahaifinsu Kabo ke riƙe da shi. Daga fitowar rana zuwa azahar, kowane namiji na babbar gona ne, wadda hatsinta ke shiga rumbu ɗaya, tukunya ɗaya ta dafa wa kowa. In la'asar ta yi, mutum ya wuce gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne shi da iyalinsa. Haka suka taras, kuma haka Kabo ya yi alkawarin bari.

To, ga ciwo ya shigo gidan, ciwon da ya san lokaci. Yana zuwa kafin kiran assalatu, ya zauna a kan Muzammil duk tsawon aikin gandu, sai rana ta take tsaka ya ɗaga ya tafi, kamar baƙon da ke gudun a ba shi fartanya. Damina biyu ke nan. Kabo ya ga masu zazzaɓi, ya ga masu shawara, ya taɓa ganin wani Bafulatani da kunama ba ta yi masa komai amma ƙudan zuma ɗaya ya kwantar da shi mako guda. Bai taɓa ganin ciwon da ke tsoron gonar gandu yana son gayauna ba.

Ya miƙe a hankali, ya koma ta bayan gona don kada a gan shi.

* * *

Mahaifiyarsu Dada ce ta sa aka je asibitin Gaya. Kabo ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma dubansa ido cikin ido, don haka in tana da magana da shi sai ta yi wa bango ko tukunya. Rannan tana tsince wake, ta gaya wa faifan da ke cinyarta cewa yaron nan numfashinsa ba ya kai ƙasa, da a ce gidan da babba, da an kai shi an duba ƙirjin.

Kabo ya amsa wa faifan cewa za a kai shi. Bai faɗi abin da ke ransa ba: in har akwai na'urar da ke ganin cikin mutum, to ita ce za ta raba gardama.

Aka tsayar da Muzammil a wani ɗaki mai sanyi, aka manna ƙirjinsa da allon ƙarfe, aka ce ya ja numfashi ya riƙe. Da hoton ya fito, ma'aikacin ya ɗaga shi saitin fitila. Kabo ya matso har yana taka masa takalmi. Ya zaci cikin ɗan Adam ja ne kamar na rago, sai ga shi baƙi da toka-toka, haƙarƙari sun yi baka sun haɗu kamar tsaikon ɗaki kafin a yi masa baibaya. Ya tsaya yana kallo, ya ma manta abin da ya kawo shi. A sama ta hagu, a kan ƙashin da ya taso daga kafaɗa zuwa gindin wuya, ya hango wani ɗan ƙulli kamar gaɓar kara.

"Wannan na san shi," in ji Kabo, yana dungura yatsa. "Daga amalanke ya faɗo yana ƙarami. A bayana na kai shi wajen maɗori a Balan."

Ma'aikacin ya ce lallai tsohuwar karaya ce, ta kama da kyau. Ya ce huhu lafiya lau, babu tarin fuka, zuciya ba ta kumbura ba.

"Wato babu komai."

Mutumin ya ce a huhu dai babu komai, amma in bayan da ƙirjin suka ci gaba da ƙagewa, gara a je Kano a ga likitan gaɓoɓi. Wannan ƙarshen maganar a iska ya tafi. Kabo ya riga ya sa hoton a ambulan ya cusa a hammata.

Da suka dawo, ya kafa ƙusa a bangon zaure ya rataye shi, daidai inda hasken hantsi ke shigowa ta taga. Duk wanda ya zo gaisuwa sai an nuna masa. Wasu suka ce ashe haka muke, wasu suka yi a'uziyya. Kabo kuwa sai ya ce su duba da kyau, in sun ga ciwo su nuna masa.

* * *

Bayan sallar isha'i ta wata Alhamis ya tara mutan gida a zauren, ƙarƙashin hoton. Ya ce wanda ba shi da ƙarfin gandu ba shi da ƙarfin gayauna. Daga yau gayaunar Muzammil ta koma cikin babbar gona. In kuma aka kai kaka ba a ga fartanyarsa da safe ba, to ya ware tukunyarsa, rumbun gandu ba na 'yan kallo ba ne.

Muzammil na zaune ya jingina da bango, ya kare idonsa na dama da tafin hannu. Kwana biyu idon ya yi jawur, yana hawaye, ba ya son haske. Kabo ya riga ya yi wa wannan jan idon fassara, har ya shinshina rigar ƙanen a kan igiyar shanya ko zai ji warin abin da samari ke busawa a bayan gari.

"Yaya," in ji Muzammil, "in na kwanta ne yake kama ni. In na motsa, jiki ya yi ɗumi, sai ya sake ni. Wallahi iyakar abin da na sani ke nan."

"To ka motsa da asuba. Gonar gandu ma tana da ɗumi."

"Tashin ne ba ya yiwuwa."

"Na'ura ta duba cikinka. Ita ba ta da gayauna, balle a ce son kai ta yi." Ya nuna idon da haɓa. "Wannan kuma, sai ka gaya mana abin da kake sha."

Daga bayan ƙofa Bara'atu ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, ita dai tana neman sani, Yaya, wace irin taba ce ke jan ido ɗaya ta bar ɗaya fari. Wani ya yi dariya ya haɗiye. Dada ta gaya wa buta cewa ita za ta shiga ciki. Kabo ya ce magana ta ƙare.

Ranar kasuwar Ajingi, Muzammil ya hau mota da rana ya dawo da yamma ba tare da ya sayo ko gishiri ba. Washegari Kabo ya isa gona rana ba ta gama fitowa ba, sai ya taras an riga shi. Muzammil ne, ya ci kunya uku, gumi na bin haɓarsa.

"Ashe ciwon ya ji magana," in ji Kabo.

Muzammil bai ɗago ba.

Haka aka ƙarasa maimai, aka yi huɗa. Kullum shi ne farkon zuwa. Yana aiki kamar wanda ake bi da bulala, in an kawo kokon hantsi ya kurɓa sau biyu ya ture. Kabo ya ji daɗin an gane gaskiyarsa, amma idon da ya saba da leƙe ba ya daina leƙe. Ya lura in an kira Muzammil daga baya ba ya waiwayowa da wuya, sai ya juyo gaba ɗayansa kamar ƙyauren ɗaki. Ya lura in yana haki cikinsa ne ke hawa da sauka, ƙirjin na tsaye cak. A sahun masallaci, ruku'unsa ya zama guntu, ɗagowarsa kuma ba ta kai miƙewa. Kabo ya auna wannan duka, ya ce sabon salo ne, ana so a ce an matsa wa marar lafiya.

Akwai kuma wasu 'yan ƙyalƙyali da ya riƙa gani a kwarin kunya, ƙananan takardun gwangwani masu ramuka, suna walƙiya in rana ta buge su. Ya ɗauka na alewar yara ne iska ta kwaso.

* * *

Ranar cirar gyaɗa abin ya faru. Muzammil ya sunkuya zai ɗaga buhu, sai ya tafi gaba ɗaya ya kifa, jikinsa na karkarwa, kumfa a bakinsa. Mata suka watsar da kwanduna. Kafin Kabo ya iso daga ɗaya gefen, Bara'atu ta riga ta zazzage aljihun mijin a kan ƙasa: goro guda, da katin ƙwayar nan da 'yan ƙwadago ke sha don kada su ji gajiya, saura biyu a ciki.

"Na faɗa," in ji Kabo. "Tun ranar jan ido na faɗa."

Bara'atu ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ranar jan ido ko maganin ciwon kai babu a ɗakinsu. Ta ce wannan, Yaya, ranar kasuwar Ajingi aka fara shi, kuma ba don daɗi ba, don a riga ka zuwa gona.

Daga Gaya aka tura su Kano. Wan Bara'atu, Inuwa, da ke ɗinki a birni, shi ya karɓe su. Kabo bai bi su ba, ya ce gyaɗa ba ta jiran kowa. Da suka dawo, Muzammil ya rame, an haɗo shi da magunguna da wani sabon hoto, babba, an yanka shi gida-gida kamar dara, kowane gida da wani abu mai kama da yankakken rake. Bara'atu ta ce likita ta ce gaɓoɓin ƙirjinsa da na bayansa ne ciwo ke ci.

Kabo ya ɗaga sabon hoton kusa da tsohon. Babu tsaikon ɗaki, babu ɗan ƙullin amalanke, babu abin da ya gane. Zuciyarsa ta tafi tashar mota, inda ya sha ganin mutane na bin tagogi da irin waɗannan baƙaƙen hotuna suna neman taimako, har direbobi na cewa hoto ɗaya mutum nawa ke ci da shi, haya ake bayarwa. Inuwa ɗan birni ne, ya san hanya. Ƙirji ɗaya ya haifi hoto biyu, ɗaya ya ce lafiya, ɗaya ya ce cuta? Dole ɗaya shege ne, kuma shi a gabansa aka ɗauki na farko.

Ya ce ranar komawa asibiti da shi za a je.

* * *

Likitar gaɓoɓin, Muhsina sunanta, ba ta girmi Bara'atu da yawa ba, abin da ya ƙara wa Kabo shakka. Ya gaishe ta a taƙaice, ya shimfiɗa hotunan biyu a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan sabon.

"Likita, tsakaninki da Allah, ƙirjin wa ne wannan?"

Muzammil ya sunkuyar da kai iyakar yadda wuyansa ya bari. Likitar ta dubi ɗaya ta dubi ɗayan. Ta tambayi Muzammil ko ya yarda a yi maganar a gaban wansa. Ya ce Yaya ne, a nuna masa.

Ta juyo da fuskar kwamfuta, ta danna. Yankakken raken nan suka hau kan juna, sai ga ƙirjin mutum tsaye, fari, babu fata babu nama. Ta sa yatsa ta juya shi, ya yi ta juyawa a cikin baƙin fili kamar akurkin da aka rataye da igiya. Kabo ya ƙara matsowa. Da kafaɗar hagu ta zagayo, bai jira an nuna masa ba. Ga gaɓar karan nan zaune inda maɗorin Balan ya bar ta.

Ya janye yatsansa daga kan tebur.

Ta ce hoton farko bai yi ƙarya ba. Huhu aka tambaye shi, ya ba da amsar huhu. Wannan kuwa gaɓoɓi aka tura shi dubawa. Ta matso da tsakiyar ƙirjin, inda ƙasusuwan kafaɗa ke haɗuwa da ƙashin ƙirji, ta nuna bakin mahaɗar ya zaizaye kamar gindin katangar da ruwa ya ci. Ta gangara ƙasa kaɗan, inda ya kamata a ga siririn tsagi tsakanin ƙashi da ƙashi, babu tsagin, sun narke sun zama ɗaya. Ta juya bayan, ta nuna inda haƙarƙari ke kama ƙashin baya, wasunsu sun liƙe. Ta ce wani irin amosanin gaɓoɓi ne da ke kama samari, ya fara daga ƙugu ya hau. Hutu ne abincinsa, shi ya sa ya fi tsanani da asuba. Motsi ke korarsa. Yakan taɓa ido ma, sau da yawa guda ɗaya.

Sai ta jawo awon tela daga aljihun tebur. Ta ba Kabo ta ce ya zagaya a ƙirjinsa ya ja numfashi. Awon ya zame a yatsunsa, ya buɗe kusan faɗin tafin yaro. Ta ce to ya gwada wa ƙanensa.

Rabon da Kabo ya rungumi Muzammil tun yana goya shi. Ya zagaya hannuwa ta bayansa, ya haɗa bakin awon a tsakiyar ƙirji.

"Ja numfashi."

"Na ja, Yaya."

"Ja sosai."

"Iyakarsa ke nan."

Awon bai motsa ba, sai ɗan abin da bai kai kaurin farce ba.

Kabo ya tambaya, yana kallon awon, ko abin da ya liƙe zai buɗe. Ta ce a'a. Abin da ya rage ake ƙoƙarin tsarewa. Ta ce da an zo da wuri da an tsare da yawa. Ƙwayar da yake sha ba ta taɓa ciwon ba, bakinsa kawai ta toshe, kuma yanzu ita ma ta zama cuta ta biyu, a hankali za a raba shi da ita. Da safe a bar shi ya gasa jiki da ruwan ɗumi, ya miƙe gaɓoɓi yadda aka koya masa, ya sha maganinsa. Banda ɗaukar buhu. Aikin yamma daidai ƙarfinsa, in yana da inda zai yi, wannan ma magani ne.

* * *

Suka hau motar komawa gida. Duk ramin da aka faɗa, Kabo na jin Muzammil ya ɗauke numfashi a gefensa.

Sai da suka zauna a zaure, bayan la'asar, Kabo ya yi gyaran murya. Ya yi ta neman bakin zaren, a ƙarshe ya ce wa ƙofar zaure, yadda Dada ke yi, gayaunar nan ta koma hannun mai ita. Daga gobe kuma ba sai an fito da safe ba. In rana ta yi sanyi a fito.

Muzammil ya juyo gaba ɗayansa ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa, irin duban da Kabo ya sani sarai, don shi ya koya wa gidan.

"Me na yi kuma, Yaya?"

"Ba ka yi komai ba."

"Cewa ka yi in ba a ga fartanyata da safe ba har kaka, in ware tukunya. Ga kaka ta zo. Dawa ba ta shiga rumbu ba tukuna." Ya nuna cikin gida da hannu. "Bara'atu na da ciki. Ka bari a gama girbi da ni, kowa ya gani."

Kabo ya rantse ba haka yake nufi ba. Muzammil ya ce to, ya gode, da muryar wanda ya ji tayin da bai yarda da shi ba. Ya dafa bango ya miƙe, ya shiga gida, kansa ya riga kafaɗunsa. Ta tsagin ƙofa Kabo ya ga Bara'atu tsaye, ta ji komai, kuma fuskarta ba ta saki ba.

Washegari Kabo ya idar da sallar asuba ya zauna a zaure, ya kasa kunne. Yana fatan ya ji ƙarar itace, alamar an ɗora ruwan ɗumi. Abin da ya ji shi ne 'yar ƙarar takardar gwangwani ana ɓallawa, sai kurɓar ruwa, sai shiru. Can an jima, Muzammil ya ratso zauren da magirbi a hannu.

"Ina kwana, Yaya. Sai ka taras da ni."

Ya fice kafin a amsa.

Kabo ya bi inuwarsa da ido har ta sha kwana. Da gari ya ƙara haske, ya ɗaga kai ya ga tsohon hoton a kan ƙusarsa. Ranar da ke shigowa ta taga ta daɗe tana gasa shi, ya lanƙwashe, samansa ya rusuno gaba. Ya sauke shi, ya ɗora a gwiwa, ya danna da tafin hannu don ya miƙar da shi. Yana ɗaga hannun, hoton ya koma yadda yake.